Baƙin Gemun Baba

Da na gama wankan jego a gidanmu a Sabuwa, aka maido ni ɗakina a ƙauyen mijina kusa da Daudawa, da jaririya a baya, da ƙullin yaji da kwalbar man shanu. Fatar yarinyar a lokacin sumul take, ko ɗigon ƙurji babu. Na san haka ne domin ba ni da aikin da ya fi dubanta. In kowa ya fita tsakar gida sai in kwance ta in bi ta gaɓa-gaɓa, bayan kunne, tsakanin yatsu, ƙarƙashin wuya inda nono ke maƙalewa. Da na ji takun mutum sai in ajiye ta gefe in ɗauki tsintsiya.

Dole in ɗauki tsintsiya, domin 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunanshi, ba ta yi mashi wasa gaban manya, in ya yi kuka sai ta jira wani ya ce, "Ke, ba ki ji ba ne?" sannan ta tashi tana jan ƙafa kamar an aike ta rijiya. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro. In yarinyar ta yi atishawa sai in taɓa goshinta. In ta daɗe tana barci sai in kai yatsa bakin hancinta. Duk wannan a ɓoye nake yi, fuskata kamar ta wadda aka ba ajiyar ɗiyar maƙwabta.

Ga kuma wani nauyin. An sa mata sunan mahaifiyar surukina, wadda ta rasu tun kafin a kawo ni gidan, don haka babu mai faɗin sunan. Kowa Uwa yake ce mata. Surukina, wanda muke ce ma Baba, shi "Uwata" yake cewa, kuma ba da wasa ba. In ya dawo daga masallaci da safe sai ya zauna kan buzunshi a zaure ya ɗaga murya ya ce, "A kawo mani uwata in gaishe ta." Surukata, Inna, ta zo ta karɓe ta daga hannuna. Shi kuma ya ɗora ta a kafaɗarshi ta hagu, ya kwantar da kumatunta cikin gemunshi, ya shiga ba ta labarin yadda awaki suka yi tsada.

Baba dillalin dabbobi ne a kasuwar Ƙanƙara, kuma gemunshi baƙi ne wuluk kamar gindin tukunya. Girarshi fara, gashin hancinshi fari, gashin ƙirjin da ke leƙowa ta wuyan riga fari. Gemun ne kaɗai ya ƙi tsufa. Ina amarya na taɓa tambayar Inna, ta ce, "Gado ne. Gidansu ba su furfurar gemu." Ta ci gaba da tankaɗenta. Ban sake tambaya ba, amma ina da ido. Na lura wannan gadon yakan fara kwaranyewa daga tushe in an kwana biyu, ya yi toka-toka, sai ranar kasuwa da yamma ya dawo daga Ƙanƙara sabo fil yana ƙyalli. Kowa a gidan ya san haka. Ko kaji sun sani. Babu dai mai faɗi.

Ƙurajen sun fara ne a kumatun hagu. Da farko ja ne kawai, kamar ta kwanta kan tabarma. Washegari ya yi ƙananan ƙuraje, yarinyar ta riƙa goga fuskarta a zanen goyo tana ƙananan kuka. Na tsaya ina jira wani ya gani. Sai da rana ta yi tsaka Inna ta ce, "Wannan zafi ne." Ta jiƙa farar ƙasa ta shafa mata, Uwa ta koma rabin fuska fari rabi baƙi. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce nonona ne, na cika cin yaji. Mahaifiyata da na kira ta a waya ta ce ruwan garin nan ne, ita dama tun ranar da ta sha shi ta san akwai magana. Mijina ya sawo hoda mai hoton jaririn Turawa. Aka shafa duka, har da man kaɗanya a kai. Ƙurajen suka bushe, kowa ya ce maganinshi ne ya yi.

Sai suka dawo. Suka sake bushewa, suka sake dawowa, kuma kowace dawowa ta fi ta baya. A karo na ƙarshe wurin ya riƙa tsattsafo da ruwa, fatar idonta ta hagu ta ɗan kumbura. Ranar na shiga bayan rumbu na yi kukana na share, na fito da ƙirare a hannu kamar su na je nema.

Wanki ne ya tona mani. Uwa tana da wata farar hula ta saƙa da ƙanwata ta yi mata. Ina wanke ta na ga gefen hagu ya yi wani duhu-duhu wanda sabulu bai fitarwa, gefen dama kuwa fari tas. Na kai hanci. Wani wari ne mai hawa kai, ba na nono ba, ba na zufa ba. Na san warin. Shi ne ke wuyan rigar Baba duk washegarin kasuwa, kuma wuyan rigar ma haka yake yin duhu. Na zauna da hular a hannu ina lissafin abin da na gani. Ƙurajen ba su fitowa ranar da ya ɗauke ta da sabon gemu, sai gobe ko jibi, shi ya sa babu wanda ya haɗa su. In gemun ya tsufa ya yi toka, kumatun na samun lafiya. Sannan na tuna Baba kanshi kullum yana tura asawaki cikin gemun yana sosa ƙarƙashin haɓa, har ya lumshe ido.

Ranar rigakafi na samu hanyar zuwa asibiti a Faskari. Da layi ya zo kaina malamar asibitin ta riƙe haɓar yarinyar ta juya ta ga haske.

"Me ke taɓa wannan gefen wanda bai taɓa wancan?"

Na duba bayana, domin akwai matan garinmu a kan benci. Na matsa na faɗa mata a kunne. Ta dube ni, ta danne dariya, sannan fuskarta ta koma ta aiki. Ta ce a cikin baƙin rinin gashi akwai wani sinadari da jikin wasu bai karɓa, musamman irin wanda ake kwaɓawa a kasuwa ba a wanke shi da kyau ba. Ta ce bai nuna kanshi nan take, kuma in jiki ya fara ƙin shi ba ya komawa ya so shi, kowane karo sai ya fi tsanani, har fuska ta iya kumbura ido ya rufe. Ta ce shi ne dai a cikin dayis ɗin da ake zuba ma baƙin lalle, don haka ko yarinyar ta girma kada in yarda a zana mata. Mai son rini, in ji ta, ya kamata ya ɗan shafa kaɗan a bayan kunne ya jira kwana biyu ya gani, amma tsohon da ya riga ya fara susa, jikinshi ya gama ba shi amsa.

Ta ba ni wani man shafawa ta ce, "Wannan zai kwantar da shi. Amma in gemun bai daina ba, aikin banza muke. Ki gaya mashi."

Na ce, "Malama, ke ba ki da suruki ne?"

Ta ce, "Ina da shi. Nawa ko gashi ɗaya babu a haɓarshi, Allah ya hutar da ni. Mai bi mata a layi ta matso."

Da yamma na gaya ma mijina, yana cin tuwo. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Ni in je in ce ma Baba me? In ce na san yana rini? Tun ina yaro nake yi kamar ban sani ba. Ni nake riƙe mashi akuya a ƙofar mai askin da ke yi mashi rinin, in ya fito in ce ban ga komai ba."

"To yarinyar fa?"

Ya riƙa juya miya. Can ya ce, "Ko a ce ya riƙa ɗora ta a kafaɗar dama?"

Na ce sai a lalata ɗaya kumatun ke nan, su zama daidai. Ya ce shi dai a bar shi ya yi tunani. Har yau yana tunanin.

Sai na koma dabara. Duk washegarin kasuwa tun da asuba nake goya ta, in ɗaure zane tamau, in kama aiki. In Baba ya kira, in ce ma Inna tana barci. Gobe in ce yanzu ta sha nono, za ta yi tumbuɗi. Jibi in ce barci dai. Inna ta ce, "Wannan barcin naku na Sabuwa ba ya ƙarewa ne?" Matan da ke zuwa daka a gidanmu suka samu abin yi. Ɗaya ta ce, "Ku ga 'yar zamani, ta manne ma 'yar fari kamar 'yar auta." Wata ta ce, "Gobe ma sunanta za mu ji ta kira a tsakar gida." Na sunkuyar da kai ina dariyar dole. Kumatun kuwa ya fara kyau, har ɓawon ya faɗi.

Amma Baba ya daina kira. Wata safiya na wuce ta bayan zaure da tulu, na ji yana ce ma Inna a hankali, "Ko na yi ma yarinyar nan wani laifi ne? In wani abu na faɗa, ki ba ta haƙuri." Ranar aka maido kwanon kokonshi da saura. Mutumin da tun da aka kawo ni bai taɓa dawowa daga kasuwa ba tare da ya aiko mani da ƙullin ƙosai ko rake ba. Tulun nan da ƙyar na kai shi ɗaki.

Na samu Inna muna ɓare masara, mu biyu kaɗai. Na faɗa mata duka, tun daga hula har malamar asibiti, idona kan masara. Ta waiga dama da hagu.

"Rufe bakinki, 'yar nan."

Na rufe. Ta ɓare masara guda har ƙarshe, ta jefar da totuwar, sannan ta matso.

Ashe akwai dalili. Baba yana da wani taubashi a Mabai, sa'anshi, wanda kanshi ya yi fari tun yana da sauran ƙarfi. Baba ya sa mashi suna Auduga. A kasuwa, a wurin suna, a wurin jana'iza ma in an watse, sai ya tambaye shi nawa kilo. Da furfura ta zo ma Baba nashi gemun, sai ya ga bai da wurin ɓuya. Ya je wurin mai aski sau ɗaya, ɗayan ya zama kullum.

"In gemun nan ya yi fari," in ji Inna, "mutumin Mabai sai ya yi hayar mai shela. Ni kin gan ni nan, matasan kaina duka rinin ya lalata su. Na yi magana har na gaji. Ni matarshi ce, maganata iska ce." Ta ɗan yi murmushi. "Ko mu aika Mabai a raɗa mashi? Ranar kasuwa ɗaya ta isa, rinin nan ya ƙare."

Na ga yadda abin zai kasance, Baba a tsakiyar kasuwar dabbobi, dillalai sun kewaye shi, ana cewa gemunshi ya ƙone jika. Na ce a'a, Inna, ba ta nan ba.

"To ke kika sani. Shi dai mutum ɗaya ya taɓa jin maganarta a duniya, uwarshi, ita kuwa tana ƙasa."

Uwa tana kan cinyata a lokacin, tana tsotsar gefen zanena. Na dube ta. Inna ta bi idona har kan yarinyar, ta gyaɗa kai.

Washegarin kasuwa na yi mata wanka, na sa mata riga mai tsabta, ban shafa komai a kumatun ba don tabon ya fito sosai. Na ja mayafi har goshi na nufi zaure. Ban taɓa shiga zauren nan Baba na ciki ba. Na durƙusa daga gefen ƙofa, na juya fuskata ga bango. Warin sabon rini ya cika wurin.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, yarinya. Ina Innar taku?"

"Tana ciki. Uwa ce ta aiko ni."

Na ji ya ajiye ludayin kokonshi.

"Uwata? Mi ta ce?"

"Ta ce tana gaishe ka. Ta ce ta yi kewarka, ba ita ta ƙi zuwa ba. Ta ce a duba mata nan."

Na juya kumatun ga hasken ƙofa, ni kuma ina kallon bango. Ya daɗe yana dubawa. Inna kullum da farar ƙasa a kai take kawo mashi ita, bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashi ba.

"Ta ce abin da mai askin Ƙanƙara ke sa ma mutane, jikinta bai so. Ta ce in ya taɓa ta, sai gobe ko jibi ya fito. Ta ce malamar asibiti ta ce zai iya rufe mata ido." Na gyara mata riga. "Ta ce kai ma naka jikin bai so."

Ta wutsiyar ido na ga hannunshi ya taso zai je haɓa, ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwa.

"Ita ta ce duk wannan?"

"Ita ta ce, Baba."

"Da can ma haka take. Ba ta raga mani." Ya yi gyaran murya. "Juyo mani ita in gani da kyau. A'a, riƙe ta nan, kada ki matso." Ya miƙo yatsa ɗaya, ta kama. "Uwata, ashe ni ne. Ki yi haƙuri." Sannan ya ce da ni, "Tashi ki tahi. Ki ce mata na ji."

Ita da za a ce mawa tana hannuna tana jan yatsanshi zuwa baki. Na tashi na fita da baya, na ci karo da Inna a bayan ƙofa tana share wurin da ta riga ta share.

Da azahar Baba ya aika aka kira wanzami, aka rage gemun har ya kusa fata. Da la'asar ya fito da wani ƙyalle ya naɗe haɓarshi har kunne, ya ƙulle a saman hula. Ya ce haƙori ke ciwo. Ana tsananin zafi a lokacin, ko tsuntsu bai son tashi, shi kuwa yana naɗe. Gari ya ɗauka. Aka riƙa zuwa sannu. Wannan ya kawo kanumfari, wancan ya kawo saiwa, liman ya yi mashi tofi. Wanzamin da ya san komai ya zo gaban mutane ya ce in Baba ya yarda ya cire haƙorin a huta, Baba ya harare shi. Kanumfarin da aka tara a gidan nan mun daɗe muna zuba shi a kunu.

Gaisuwar safe ta dawo tun washegari. Sai dai yanzu a cinya yake zaunar da ita, bayanta a cikinshi, su biyu suna kallon hanya, yana ba ƙeyarta labarin awaki. Kumatun ya warke, ya bar wani ɗan duhu da ya daɗe kafin ya baje. Susar Baba ma ta tsaya, asawaki ya koma aikinshi na haƙori.

Wata Juma'a ya fito zai tafi masallaci babu ƙyalle. Gemun fari fat, gajere, ya yi mashi kyau har Inna ta kasa ɓoyewa, ta shiga madafa tana cewa wai hayaƙi ne ya sa ta murmushi. Ba a yi nisa ba mutumin Mabai ya iso a bayan mashin. Ban ga fuskarshi ba, dariyarshi dai na ji tun daga bakin hanya. Ya ce a fito mashi da buhu da ma'auni, ya zo sayen kaya. Sun daɗe a zaure. Na ji Baba na cewa tashi furfurar ta malamai ce, ta Mabai kuwa ta wahala ce. Aka kai masu fura suka shanye.

Yanzu Uwa ta yi wayo, tana zuwa makarantar allo, ta kuma san kwalliya. Jajibirin sallar da ta wuce mai lalle ta zo gidanmu, 'yan mata suka yi layi, kowa na son baƙin zane mai fure har gwiwar hannu. Uwa ta shiga layi ta miƙa hannu. Kafin in san yadda zan yi in cire ta ba tare da an ce na yi rashin kunya ba, sai ga Baba da sandarshi har tsakar gida, inda bai cika shigowa ba.

"Ja za ki sa mata, na ganye. Kada wadda ta kawo dayis kusa da uwata." Uwa ta fara kumbura baki. Ya ce, "Ni ma ja zan sa a farce, mu yi iri ɗaya." Sannan ya juya ga mai lalle. "Jikinta irin nawa ne, bai son baƙin nan. Ni na gano abin tun tana jaririya. Lokacin uwarta ko kallonta ba ta yi."

Mai lalle ta dube ni. Na ce haka aka yi. Da ya juya ya nufi zaure, na ɗauki kwanon jan lallen na kai hanci, na dangwala na murza tsakanin yatsu, sannan na miƙa mata.